Manasseh da Likita Mai Gemu

Na san Baba Manasseh Dalyop a ƙarshen rayuwarsa, a wani ƙaramin coci da ke Lozells, nan Birmingham. Shi ne tsohon da ke zama a bencin baya, ya riga kowa zuwa, ya riga kowa tafiya. Ni nas ce, sunana Scholastica, kuma da na ji bakinsa da Hausa irin ta Bukuru sai na maƙale masa, ko yana so ko ba ya so. Na fi shekara ina kai masa miyar kuka kafin ya yarda ya ba ni labarinsa. Har yau in na tuna, rabi tausayi nake ji, rabi haushi.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Bukuru. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, aka kai shi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya dawo a 1946 da ƙafa biyu da hannu biyu, kowa ya ce ya yi sa'a. Sai dai hannuwan rawa suke yi, kuma da wani abu ya yi ƙara sai ya tsinci kansa a kwance, bai san lokacin da ya faɗi ba. Ga shi ƙasar haƙar kuza ce, kusan kullum ana fasa dutse da nakiya.

Duk da haka ya auri Ramatu, suka haifi 'ya, aka sa mata suna Kaneng. Ran nan da hantsi yana riƙe da jaririyar a tsakar gida aka tashi nakiya a bayan gari. Ya sake ta. Allah ya taƙaita, ba ta mutu ba, amma goshinta ya bugi bakin turmi. Washegari surukinsa ya zo ya kwashe uwa da 'ya. Da Manasseh ya bi su biko, tsohon bai yi masa faɗa ba. Ƙwarya ya cika da ruwa taf, ya miƙa masa, ya ce, "Kai wannan bakin rumbu." Kafin ya yi taku biyar rabin ruwan ya jiƙa masa wando.

"Ɗana, ba ƙin ka nake yi ba," in ji tsohon. "Ranar da ka kai ta ba ta zube ba, ka zo ka ɗauki iyalinka."

A lokacin akwai wani magani da tsofaffin sojoji ke rububi a kantunan Jos. Kwalba ce ruwan ƙasa, da hoton wani Bature mai gemu har ƙirji, don haka kowa Mai Gemu yake ce masa. Takardar jikin kwalbar ba abin da ba ta yi alkawari ba: firgita, rashin barci, rawar jiki, kasala, har da baƙin ciki. Ni da na yi aikin asibiti na san abin da ake zubawa a irin waɗannan kwalabe, sukari ne da barasa da ɗan abin da ke kashe jiki. In Manasseh ya sha, hannun kan lafa na ɗan lokaci, sannan ya dawo yadda yake.

To a nan ya yi lissafi irin na gida. A wajenmu magani yana da mai shi. Wanda ake tallarsa a kasuwa ɗan magani ne, uwar maganin tana hannun mai ita, ba ta zuwa kasuwa. In na kasuwa ya ɗan karɓe ka, alama ce jininku ya haɗu, sai ka tashi takanas ka je gidan mai maganin da 'yar gaisuwa a hannu, ya gan ka, ya ji sunanka da na mahaifiyarka, ya haɗa maka naka. Manasseh ya duba ƙasan kwalba ya ga an rubuta lambar gida da sunan titi a Manchester. Ya ce ashe ma likitan bai ɓoye gidansa ba.

Ya ɗaure mudu biyu na acca a ɗan buhu, da yake zakara ba zai jure tafiyar ba. Ya sauka Ikko, ya sami aikin zuba gawayi a jirgin ruwa mai ɗaukar kaya, ya iso Manchester cikin sanyin ƙarshen 1948.

Ƙasar sarkin da ya yi wa yaƙi ta ba shi mamaki. Gidaje a rushe tun bama-baman yaƙi, mata sun yi layi a ƙofar mahauci kowace da katin rabon abinci, nama da sukari da sabulu duk sai an auna maka. Kwana uku yana nuna wa mutane takardar kwalba kafin ya sami titin. Ya sa rigarsa ta soja, ya goge takalmi, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon gyaran keke. Mata biyu ne a ciki, ɗaya tana ɗura baƙin ruwa daga duro cikin kwalabe, ɗaya tana manna takarda. Ya ƙame, ya sara musu, ya ce ya zo ganin likita. Babbar cikinsu ta ce wane likita? Ya nuna hoton. Ƙaramar ta fashe da dariya, babbar ta harare ta. Sannan ta gaya masa a hankali cewa babu wani likita, ba a taɓa yin sa ba. Mai buga takardun ne ya zana gemun. Mai kayan kuwa wani ɗan kasuwa ne da ke sayar da man goge takalmi, sau ɗaya yake leƙowa a wata.

Manasseh bai yarda ba. A gida ma ai haka iyalan mai magani ke yi wa baƙo, su ce ba ya nan, don a gwada haƙurinsa. Ya zauna a kan akwatin kwalabe ya ce zai jira. Kwana huɗu yana zuwa da safe, yana tashi in za su rufe. A rana ta huɗu babbar matar ta kama hannunsa ta kai shi gaban duron, ta buɗe, ta nuna masa yadda take haɗawa da ruwan famfo, tana juyawa da sandar tsintsiya. Ta ba shi shayi ba sukari. Ya rasa yadda zai yi da accar, sai ya miƙa mata. Ta buɗe buhun, ta yi godiya ƙwarai, ta ce tsuntsun da take kiwo a keji zai ji daɗi.

Da ya kawo nan a labarin na ce, "Baba, sai ka hau jirgi ka koma gida mana!"

Ya ce, "In koma in ce me, Sista? Duk ƙauye sun raka ni tasha. Na je wajen GP ma, likitan unguwa, a lokacin aka fara ganinsu free, ba biya. Ya ce nerves ne, wai ciwon firgita, ya rubuta min wata kwalbar."

Abin da ya yi shi ne abin da ke ba ni haushi. Ya rubuta wa malamin cocin ƙauyensu, wanda ke karanta wa mutane wasiƙa, cewa ya ga likitan ido da ido, ya karɓi gaisuwa, ya ce a ba shi shekara ɗaya. Da shekarar ta cika ya sake rubuta cewa likita ya ƙara wata. Sau biyar yana wannan ƙaryar. Bai taɓa tunanin yadda za a ji ta a gida ba, inda kowa ya san ba mai maganin da ke riƙe mutum shekara biyar. Surukinsa ya yanke cewa Baturiya ce ta riƙe shi.

Manasseh kuwa ko mai gaishe shi ba shi da ita. Ya koma Birmingham don an ce ana ɗaukar baƙar fata a masana'antar narka ƙarfe. Ya kama ɗaki a saman bene a Lozells, da gado ɗaya da murhu ɗaya. Makonnin farko guduma na bugawa yana zubewa, abokan aiki na dariya. Amma ƙarar ba ta tsayawa tun safe har yamma, kuma sannu a hankali jikinsa ya gaji da firgita. Ranar Lahadi in ya dawo daga coci, inda ba wanda ke zama kusa da shi, sai ya cika kwano da ruwa ya yi ta kai da kawowa tsakanin ƙofa da taga. Ya ce wani lokaci sai Litinin ta zo ya tuna bai yi magana da kowa ba tun Juma'a.

A 1953, shekarar da aka daina auna wa mutane sukari, ya hau benen nan tun daga ƙasa da kwano cike, ko ɗigo bai zuba ba. Ya maimaita sau uku. Ya zauna a kan matakala ya yi kuka, sannan ya je ya tambayi ranar da jirgi zai tashi zuwa Ikko. Ya sayi 'yar riga ja ta yarinya, da ƙiyasi, tunda bai san tsawonta ba.

Saura mako biyu ya tashi wasiƙar malamin coci ta iso. Gaisuwa ce da labarin damina da na waɗanda suka rasu. A ƙarshe malamin ya rubuta cewa Kaneng tana lafiya, ta yi wayo, har ita ke goya ƙanenta in uwarsu ta tafi gona. Malamin ya ɗauka an riga an gaya masa. Manasseh 'ya ɗaya ya bari a gida, kuma rabonsa da gida shekara biyar. Ramatu ta yi aure ke nan, har ta haihu.

Bai hau jirgin ba. Ya aika da rigar, da gaisuwa ga mijin, kamar yadda ya kamata. Ya ci gaba da aikin ƙarfe har ya yi ritaya, bai sake aure ba, bai ƙara taka Najeriya ba. Na yi masa faɗa sosai a kan haka, na ce ko don yarinyar ai ya je. Ya bar ni na gama. Sannan ya miƙo hannuwansa biyu a saman tebur, ya riƙe su a miƙe don in duba da kyau.

"Kin gani, Sista? Tun shekarar ba su ƙara rawa ba," ya ce. "Ban dai sami wanda zan nuna wa ba sai ke."