Ƙusar da Inoussa ya bari domin zalɓe

Inoussa mai hoto maƙwabcina ne a Agadas, kuma tun da na ajiye alli na bar koyarwa a lakwal, a bakin shagonsa nake yawan shan hantsi. Sana'arsa ita ce ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na bukukuwa, ko da yake wayar salula ta cinye masa rabin kasuwa. Abin da zuciyarsa ke so kuwa tsuntsaye ne. Bangon shagon cike yake da hotunansu: balbela a bayan saniya, shamuwa a kan sheƙarta, carki, kurciya, har da wata mujiya da ya tarar a kangon gida. Har zuwa bara, a tsakiyar bangon akwai ƙusa ɗaya da ba a rataye kome a kanta ba. Wannan ta zalɓe ce.

Mutanen garinmu da yawa ba su bambanta zalɓe da balbela, kuma na gaji da gyara musu. Balbela fara ce, ƙarama, mai bin dabbobi, ba ta jin tsoron mutum. Zalɓe dogo ne mai launin toka, yana tsayawa shi kaɗai a cikin ruwa yana dakon kwaɗi, kuma ko tari mutum ya yi daga nesa zai buɗe fukafukai. A wurinmu baƙo ne. Sai tsakiyar damina, idan ƙoramar Telwa ta kawo ruwa daga duwatsun Ayar ta wuce, ta bar kududdufai a lanƙwasarta, sannan ake ganinsa. Kafin wata ya zagayo rairayi ya shanye ruwan, shi kuma ya yi gaba.

Shekaru Inoussa ya yi yana binsa bai samu ba. A bara lamarin ya zama na gaggawa, domin yanar ido ta riga ta dushe masa na hagu, ta kuma fara hawa na dama, wanda da shi yake leƙa kamara. Ya ce da ni, da laƙabin da ake kiran malaman lakwal a nan: "Mushe, in ban same shi daminar nan ba, baɗi ko a kan hancina ya sauka ba zan gane shi ba."

Bai rasa haƙuri ba, kamararsa kuma lafiyarta ƙalau. Gaisuwa ce ta hana shi. Kududdufin da zalɓen ya zaɓa yana daf da hanyar da masu lambu ke bi su shigo gari da safe, kuma a ƙasar nan ba a wuce mutum yana zaune shi kaɗai ba tare da an yi masa sallama ba. Na raka shi wata safiya na gani da idona. Ya kwanta rub da ciki a bayan wata ciyawa, tsuntsun ya sauka, ya fara takowa a hankali. Sai ga Illiya mai albasa a kan jakinsa.

"Salamu alaikum, mai hoto. An tashi lahiya? Ina gajiya? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji Inoussa, yana kallon zalɓen da ya riga ya kai tsakiyar sama.

"To, kai da tsuntsun nan wa ke gadin wani? In ka kama shi a aiko mana da cinya."

Ya gwada dabaru. Da farko ya riƙa ɗaga hannu kawai a maimakon amsawa. Mai sallama sai ya ɗauka ba a ji shi ba, ya matso, ya sake da ƙarfi. Ya koma amsawa da raɗa. Wannan ya fi muni, gama duk wanda ya ji muryarsa ƙasa-ƙasa sai ya sauko daga jaki ya zo ya tambaye shi ko zazzaɓi ne, wani har ya ba shi sunan ganyen da zai jiƙa. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya shimfiɗa tabarmar salla ya zauna a kai da tasbaha, tun da ba a gaida mai ibada. Inoussa ya ce ba zai yi wa Allah ƙaryar salla saboda tsuntsu ba, kuma a nan na goyi bayansa.

Daga ƙarshe ya yanke shawarar yin shiru ɗungurungum. Kwanaki kaɗan ya yi a haka, magana ta cika gari. Wasu suka ce girman kai ya shige shi, wasu suka ce iskokin ƙorama sun taɓa shi. Matarsa Kadidia ta jiyo zancen a gidan suna, ta dawo ta same mu a shago.

"Malam, yau an tambaye ni ko kana shan magani," ta ce da mijinta. "Indo ta ce mijinta ya yi maka sallama, ka dube shi kamar kututturen dabino."

"Ban dube shi ba ma."

"Ai ka ji. Mushe, don Allah ka yi masa magana. Ni a garin nan zan ci gaba da zama, tsuntsun kuwa tafiya zai yi."

Na yi masa magana, amma da rabin baki, domin na san abin da ke jiransa. Duk da shirun ma bai samu hoton ba, saboda sallamar kanta ta isa ta kori tsuntsun.

Ruwan ya ja da baya har ya rage kamar faɗin tsakar gida. Wata safiyar Juma'a, ranar da masu lambu ba su cika fitowa da wuri ba, muka sake zuwa. Na zauna nesa a gindin aduwa. Da yake kwaɗin duk sun taru a ɗan ruwan da ya saura, zalɓen ya matso kusa fiye da kowane lokaci. Ina hango Inoussa yana murɗa bakin kamarar a hankali. Idonsa ya yi nauyi, yana bukatar ɗan lokaci kafin hoto ya daidaita masa.

Sai na ga wani dattijo yana tahowa da sanda. Malam Gambo ne, mahaifin Kadidia, ya zo daga Dabaga zai yi Juma'a a gari. Ya tsaya a kan hanya ya yi sallama a hankali, irin ta tsofaffi. Zalɓen ya miƙe wuya, amma bai tashi ba.

Numfashi biyu kawai Inoussa ke bukata. Na ga kafaɗarsa ta ƙame. Amma wannan surukinsa ne, kuma babu mai amsa wa suruki yana kwance, balle ya yi masa shiru. Ya yunƙura ya miƙe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. A cikin yunƙurin yatsansa ya danna kamarar.

Dattijon ya gaishe shi dalla-dalla. Ya tambayi gida, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi kasuwa da lafiyar idon. Da ya gama ya dubi ruwan ya ce: "Ashe na korar maka balbelar. Ta tashi ko?"

"Ba kome, Baba," in ji Inoussa.

Na buɗe baki zan ce zalɓe ne, "ya tashi" ake cewa, ba "ta tashi" ba, sai na ga fuskar Inoussa, na haɗiye gyaran.

Bayan kwana kaɗan kududdufin ya zama busasshiyar laka. Abin da kamarar ta kama shi ne ruwa mai zobba-zobba, da dogayen ƙafafu biyu suna rataye daga saman hoton, ɗigon ruwa na zuba daga yatsunsu. Ya wanke shi babba, ya rataye a ƙusar. Masu zuwa ɗaukar hoto sukan tsaya su tambaye shi ina sauran tsuntsun, shi kuma yakan ce su tambayi masu sallama.

Bana Telwa ta kawo ruwa sosai, Illiya ya ce ya ga zalɓe biyu a lanƙwasar. Na kai wa Inoussa labari, na ce zan raka shi in tsaya a kan hanya in tare masu wucewa. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, sannan ya tambaye ni ko hoton bangon a miƙe yake, domin jiya wani ya buge shi da kafaɗa. Na tashi na gyara masa shi.