Rakiyar Yaya Sale da Baƙuwar Sifen

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana, Yaya Sale, Allah Ya jiƙansa da rahama. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba, amma shi ya tsaya sai da na yi difloma.

Wata shekara rijiyar ƙauyenmu, can wajen Bagwai, ta ƙafe ƙaf. Sai aka ce wata injiniya daga ƙasar Sifen za ta duba ƙauyuka uku, ɗaya ne kawai zai samu burtsatse. Da yake ni ne ɗan boko, aka ɗora mini tafinta. Na samo littafin koyon Sifaniyanci ta hanyar Turanci, na yi wata biyu ina hadda a gindin darbejiya.

Ranar da ta zo, na gyara hula na ce mata ni "edukado" ne. A zatona mai ilimi nake nufi, tunda ta yi kama da kalmar Turanci. Ashe a wurinsu mai ladabi ke nan. Wato na tari baƙuwa da yabon tarbiyyata da bakina! Tana yin murmushi, duk haddar ta gudu. Ta ɗan leƙa rijiya kawai, ta sha fura a gidan Yaya, ta nufi motarta da aka bari can bakin titi saboda rairayi. Na ce a raina shi ke nan, mun rasa.

Shi kuwa Yaya, baƙo ba ya fita gidansa ba rakiya. Ya ɗauki sanda ya biyo mu. Muna isa mota ta tambaye ni dalilin da dattijon ya wahalar da kansa. Na lalubi yadda ake cewa rakiya, babu. Na haɗa abin da ya sawwaƙa, ita kuma ta fahimci cewa a wurinmu abin kunya ne a bar mutum ya tafi shi kaɗai. Kawai sai ta juya, wai sai ta mai da shi gida.

Muna zuwa ƙofar gida Yaya ya ce, "Habu, baƙuwa ta rako ni, ni kuma in zauna? Haba!" Muka sake juyawa. Wallahi sawu uku muka yi da tsakar rana, direba yana ta danna hon, ni gumi har cikin takalmi. Hanyar kuwa ita matanmu ke bi su ɗebo ruwa daga ƙauyen gaba. Duk wadda muka haɗu da ita sai Yaya ya tsaya ya yi mata sannu, ya taya ta gyara jarka a ka. A sawu na uku baƙuwa ta daina dariya, ta fito da takarda, tana kallon matan tana rubutu. Kiran sallar la'asar ne ya raba su.

Bayan 'yan watanni aka zo haƙa. Yaya ya bi gari yana cewa, "Yaren Habu ne ya jawo mana ruwa." Ni kuwa na karɓi yabon.

Yanzu waya ce ke yi wa yara tafinta, rakiya kuma a bakin zaure take ƙarewa da "sai mun yi waya." Da Yaya zai gani, na san zai tambaya ko wayar tana da ƙafa.

Burtsatsen na nan yana zuba, kuma har yau Ruwan Habu ake ce masa. Abin yana ci mini rai, don ban faɗa wa Yaya gaskiya ba har ya koma ga Allah. Jama'ar gari, don Allah ku gyara sunan. Ba bakina ne ya kawo ruwan nan ba, ƙafar Yaya Sale ce.