Ƙafar Hagu Mai Karkata

A garinmu, arewa da Barmu, ni ne mai bin sawu. Idan aka wayi gari an fasa rumbu ko akuya ta ɓata, ni ake kira kafin dabbobi su fita su tattake ƙasa. Aikin yakan yi yawa tsakanin shuka da fitowar sabon hatsi, lokacin da tukwane ke wuni a kife. Da kaka ta yi sai a manta da ni.

Wata shekara da damina ta yanke da wuri, na bi wani sawu daga rumbun liman. Takalmin taya ne, ƙafar hagu tana karkata waje. Na san mai ita tun muna kiwo tare: taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Ko ɓad da sawun bai yi ba, kai tsaye ya nufi gidansa. Dami guda ya ɗauka. Na iske matarsa tana sussuka, yara sun zuba wa turmi ido. Na kai shi gaban maigari, aka tara jama'a, ya sha kunya.

Da rani sai ga mutanen porje, ma'aikatan wani shirin taimako, daga birnin Tawa. Suka ce a haƙa ramuka masu siffar rabin wata a kan fako don su tare ruwan sama, wanda ya yi aiki a auna masa hatsi. Ba kowa za a ɗauka ba, sai gidajen da suka fi rashi. Da aka zo kan taubashina, na miƙe na ce taimako ba na ɓarawo ba ne, in aka ba shi an koya wa saura sata. Na san in ya rasa aikin nan, ko dai ya koma rumbun wani, ko ya bar garin da iyalinsa. Duk da haka na faɗa, ina jin kaina mai gaskiya.

Maigari bai yi musu da ni ba. Ya ce, "To, tunda kai ka san ƙafarsa, ku yi aiki tare. Kullum tana gabanka."

Haka aka yi, shi da diga, ni da shebur. Fakon ƙasarmu ta Adar rabinsa dutse ne, hannayenmu suka yi kanta, shi kuwa ko sannu ba ya ce mani. Ranar da aka fara awo, ya ɗora buhunsa a ka, ya waiwayo.

"Kai bawana, biyo ni ka ga inda zan kai shi, kada gobe a tashe ka da sassafe."

Na ce, "Da wannan ƙafar taka, ko makaho ya same ka."

Masu awo suka yi ta dariya, har shi.

Daminar da ta biyo ba wanda ya kira ni kan rumbu. Ban ce sata ta ƙare ba. Masu kore shanu da babura suna nan, amma su ba yunwa ke aikensu ba.

Yanzu fakon ya yi ciyawa, itatuwan da muka dasa sun fi mu tsawo. Na taɓa fara ba shi haƙuri kan maganar da na yi gaban maigari, sai ya ce in zuba shayi kada ya huce. Idona ya yi rauni, na bar bin sawu. Amma nasa ina gane shi kowace safiya a bakin zaurena, in ya riga ni fitowa ya wuce masallaci.