Malam Bahago, Tsakanin Ja da Shuɗi

Da hantsi Malam Bahago yake buɗe shagonsa na gyaran kwamfuta a Ƙofar Galadima. Ya share dakali, ya jera sukundirebobi, ya goge tabarau da bakin riga. Kafin ya zauna mun cika masa benci da gardama.

Gardamar ɗaya ce kullum: wace ƙwaƙwalwa ta fi a kwamfutar tebur, ta Intel ko ta AMD? Mu shuɗi da ja muke ce musu, kamar 'yan ƙwallo. Ni da na bar makaranta da wuri na kama tuƙin keke, yau ina ja, gobe ina shuɗi, gwargwadon bidiyon da na kalla a waya. Idan muka tambayi Malam, sai ya ce me za mu yi da ita. Sai mu koma gardamarmu.

Bara kwamfutar Hajiya Tani, mai buga katin biki a Tukur-Tukur, ta fara mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki. Ta yi wa wani babban gida alkawarin katin aure kafin Juma'a, kuma ta san in ta saɓa sun tafi ke nan, su da danginsu. Ɗan ƙanwarta Haisam ya ce a canza mata ja. Maƙwabcinta Labaran ya rantse sai shuɗi. Ni na ɗauko ta a keke, ta rungumo kwamfutar a cinya, tana ta tambayata ko fenti ake nufi.

"Ni dai tawa baƙa ce, ɗan nan," in ji ta.

A haka muka isa shagon.

Malam ya kwance murfi, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago.

"Hajiya, zo ki gaisa da ɗan hayarki."

Ashe zanzaro ne ya yi gini a jikin fanka. Fanka ta tsaya, zafi ya yi yawa. Da tsinken tsintsiya ya kankare ginin. Ranar Alhamis katin ya fita.

Kai ne, Malam, kake da ja da shuɗi sababbi a kan kanta, ga mace a ruɗe za ta sayi duk wanda ka nuna, amma ka miƙa hannu ga tsintsiya. Bahago mai gyara da dama!

Yanzu idon Malam ya yi rauni, ƙarshen watan nan zai rufe shago. Jiya na roƙe shi ya raba mana gardama kafin ya tafi. Ya yi dariya, ya ce in fara duba zanzaro. Har yau ban san amsa ce ko zolaya ba.

Mun gode, Malam. Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu gyaran da za ku gaje shi, in an kawo muku kwamfuta ana ja ana shuɗi, ku fara kwance murfin.