Kwanso Mai Ciki

Shekara ashirin da tara Maƙeri ya yi yana gyaran bindigogin masu gadin gandun daji, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke bayan ofis. Benci ne dogo wanda baƙin mai ya ci, da matsi na ƙarfe, sai gwangwanayen madara cike da kusoshi. Mutum ne mara yawan magana, kuma kunnensa na dama ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar gwaji. Abokin wasansa ɗaya a wurin shi ne Bahago, mijin ƙanwarsa, wanda duk gandun ba mai saitin harbi kamarsa. Akan kafa masa murfin gwangwani a taki ɗari biyu ya huda shi, ya juyo yana cewa yau dai hannun hagu ya sake kunyata na dama.

Wata damina kwalekwale ya kife da su Bahago. Mutane sun fita, bindigarsa kuwa sai bayan kwana tara aka tsamo ta daga laka. A doka, kamata ya yi a rubuta ta lalace, a kuma tuhumi mai ita. Bahago ya kawo ta a naɗe cikin buhu, ya rufe ƙofa, ya ce, "Yaya, ka rufa min asiri."

Maƙeri ya wargaza ta. Bututun da sauƙi, amma ramin da harsashi ke zama kafin a harba tsatsa ta cinye shi ta yi masa tabo. Ya naɗa samfefa, takardar nan mai kaushi, a sanda ya yi ta gurza. Tabon ya ƙi fita, ya ƙara. Da ya gama ramin na sheƙi, harsashi na shiga yana fita ba gardama. Bahago ya yi ta godiya, ƙanwar ma ta aiko da abinci a kwano mai murfi.

Bayan sati biyu aka yi atisaye, aka kawo masa kwanson harsasan da aka harba kamar yadda aka saba. Yana zubawa a benci ya ga biyar sun fita daban. Kowanne ya yi ciki ta gefe ɗaya, kusa da gindi. Ya mirgina ɗaya da yatsa, maimakon ya tafi sumul sai ya riƙa ɗingishi. Ba sai an gaya masa ba, daga bindigar Bahago suka fito. Ya ci ƙarfe fiye da kima, ramin ya yi wa harsashi yawa. Harsashin kan kwanta a karkace, in an harba tagullar kwanson ta kumbura ta cike gurbin, kan harsashin kuma ya shiga bututu ba daidai ba, ya tafi inda ya ga dama. Ya tattara biyar ɗin ya jefa a aljihu.

Ya so ya faɗa. Amma faɗar na nufin takarda, takarda kuma na nufin korar su biyu, ga shi saura shekara ɗaya ya ajiye aiki. Ya ce wa ransa in sababbin bindigogi suka iso zai musanya ta ba wanda ya sani. Wata bakwai ba su iso ba.

A cikin watannin nan Bahago ya lalace a gabansa. Harbi biyar, ɗaya sama, ɗaya hagu, uku ko allon ba su taɓa ba. Abokan aiki suka fara ce masa ya koma hannun dama ko a dace. Yakan yi dariya, amma ya daina zama cikinsu. Ya je asibitin ido aka ba shi tabarau, ya daina shan shayi wai yana sa masa rawar hannu. Sau ɗaya ya tambayi Maƙeri ko dai bindigar ce. Maƙeri ya juya masa mataccen kunnen, ya ci gaba da goge wani ƙarfe.

Ranar da abin ya faru, wata ɓauna ce da tarkon mafarauta ya ji wa rauni ta fito gonaki tana bin mutane. Aka tura Bahago da wasu biyu. Ya same ta a bakin rafi da hantsi, ya durƙusa ya auna ƙirji. Harsashin ya kauce da kamar tafin hannu biyu ya same ta a kafaɗa. Ya ja sakatar bindigar don ya sake ɗurawa, sakata ta ƙi, domin kwanson ya tsage ya maƙale a ciki. Kafin sauran su kashe ta, ta riga ta ɗaga shi ta maka da ƙasa ta bi ta kansa.

Bai mutu ba. Ƙashin bayansa ne ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi.

Shugaban gandu ya aiko da bindigar ya ce a duba a rubuta rahoto, ya ƙara da cewa kowa ya san idon Bahago ya tafi, layi biyu ma sun isa. Maƙeri ya zaro tsagaggen kwanson da ƙyar. Ya zauna ya cika shafi uku, bai bar komai ba. Kafin ya miƙa, ya tafi asibiti.

Ƙanwar na zaune a bakin gado tana yi wa mijinta fifita. Maƙeri ya tsaya ta wajen ƙafafu ya faɗi duka, tun daga samfefa. Ta ajiye maficin a hankali ta ce, "Yaya, wata bakwai kana kallonsa?"

Bahago ya cire tabarau ya riƙe a ƙirji.

"Ashe idona lafiya lau," ya ce.

An sallami Maƙeri a ƙarshen watan. Yanzu yana gyaran kwaɗon ƙofa da injin niƙa a wata rumfa kusa da tasha. Ƙanwarsa ta fi shekara ba ta amsa gaisuwarsa, har yau ma a taƙaice take amsawa. Amma ɗaga Bahago a yi masa wanka ya fi ƙarfinta, don haka duk bayan kwana biyu Maƙeri kan rufe rumfa da la'asar ya je. Yakan cicciɓo shi zuwa banɗaki, ya cuɗa masa baya, ya shafa magani a gyambon kwanciya. Bahago kan ce masa ruwan ya yi zafi, ko ya yi sanyi, shi kuma ya surka.