Da Na Ɗauka Unsuriyya Sunan Mace Ne

A shekarun farko na mulkin soja, dokar hana fita takan tara mu gida da wuri. A unguwar Mayo ta Khartoum, a Sudan, muke zaune, babu lantarki. Bayan sallar isha Kaka takan hura gawayi ta soya gyaɗar da za ta sayar da safe, mu kuma mu kewaye murhun, ni da Bashir ɗan kawuna.

Bashir fari ne, gashinsa mai laushi, ya ɗauko dangin uwarsa. In mun shiga Omdurman tare, shi ake yi wa fara'a, ni a ce mini Fallata, sunan raini da suke kiran irinmu 'yan asalin Afirka ta Yamma. Larabcina ya fi nasa, lissafina ya fi nasa, amma shi wani ɗan kasuwa ya zaɓa ya sa a makaranta tare da 'ya'yansa. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Kullum ina jin manya suna cewa Unsuriyya ce ta hana wane aiki, Unsuriyya ce ta hana wane takardar ɗan ƙasa. Na ɗauka mace ce, irin su Badariyya da Fauziyya, wata babba a ofisoshin Khartoum. Wani dare na ce, "Kaka, me Bashir ya ba Unsuriyya take son sa, ni take ƙi na?"

Ta yi dariya har da tari. "Kai, maigidan nan nawa, kishi da mace ma ba ka gan ta ba! Unsur a Larabci asali ne, tushen mutum. Mu da Hausa wariya muke cewa, daga warewa. Ba ka ji rediyo na faɗin wariyar launin fata ba? Amma tunda ka ce mace ce, matso, ga ta nan zuwa gare ka."

Wai wata mata ce, Wariya, ake ba ta dawa ta fitar da tsakuwa. Ba wanda ya kai ta iyawa. Rannan ta gama, hannunta ya ƙi tsayawa. Ta ware ja daga fari ta zubar. Cikin farin ta ga wani ya fi wani, ta sake warewa. Haka ta yi ta yi har ƙwaya ɗaya ta rage a faifai, tana ta taƙama ita ce zaɓaɓɓiya. Wariya ta juya ta, ta ga ɗan tabo a ƙasanta, ta jefa wa kaza. Da hatsi ya ƙare, sai ta shigo gari ta fara da mutane.

"To ni ne jan?" na tambaya.

"Kai ka riga ka faɗi ƙasa, ka huta," in ji ta. "Wanda ke kan faifai ka tausaya wa."

Na girma na zama dillalin riɗi da zoɓo a kasuwar Omdurman, da gumina. Bashir ya samu aikin ofis, ya daina Hausa a bainar jama'a, ya nemi auren 'yar wani babban gida. Wata rana baffan yarinyar ya zo rumfata, ya sha shayi, sannan ya tambaye ni ko na san asalin Bashir.

Da na ce maƙwabci ne kawai, da ya tafi. Na ce, "Ɗan kawuna ne. Kakarmu ɗaya, daga Kano iyayenta suka taso za su hajji."

Aka fasa auren. Gaskiya na faɗa, kuma shekara da shekaru da ita nake kare kaina. Amma ni mai awo ne, na san abin da ya rinjayi ma'aunin a ranar. Ina yaro ina ganin waɗancan mutanen ne kaɗai ke wariya. Ban san takan nemi ɗan gida ya nuna mata inda tabon yake ba. Bashir yana gaishe ni har yau, da Larabci.