Hagu Biyu na Malam Shehu

Dalhatu ɗan unguwar Jushi ne, kuma tun tasowarsa bai taɓa ganin mahaifinsa ya ci tuwo cikin mutane ba. Injin gurzar auduga ne ya cinye wa Malam Shehu hannun dama. Tun daga nan, ko suna ake yi a gidan, sai ya shige ɗaki da kwanonsa ya saki labule, don kada a gan shi yana kai loma da hagu.

Labulen nan ne ya tura Dalhatu karatun injiniya. A 1976 ya fara digiri na biyu a jami'a a Samaru, bincikensa a kan hannun ƙarfe mai damƙewa da batir. Abokai suka riƙa yi masa tsiya, wai maƙeri ya shigo jami'a. Ko a jikinsa. Ya ɗora hagun tsohon a takarda ya zana, ya kai wa Nwankwo, mai aikin ƙarfe a Sabon Gari, ya fitar masa da yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Bayan shekara biyu ya kawo hannun gida. Da aka ɗaura sai babban yatsa ya kalli waje. Duk lissafin Dalhatu, ya manta bai kifa takardar ba. Hagu ya ƙera.

Malam Shehu ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "To Injiniya, da hagu ɗaya nake ɓuya, ga shi ka ƙaro mini."

Dalhatu kuwa kunya ta kama shi. Ya bar hannun a tabarma, ya ƙudurta ba zai sake taka Jushi ba sai da na dama. Wauta ce wallahi, don tafiyar keke ce kawai tsakaninsu. Wata takwas yana ɗakin bincike. Saura mako biyu ya gama, aka aiko masa cewa zazzaɓi ya tafi da tsohon.

Bayan sadakar uku, Goggo, ƙanwar marigayin, ta miƙo masa hannun. Maɗaurin fatar ya yi baƙi da gumi, ga busasshiyar miya a tsakanin yatsu.

Ta ce, "Da shi yake fita zaure kullum, a maƙala masa cokali, ya ci da maƙwabta. Kuma ba ya farawa sai ya ce a matsa, a bar maka wuri."